Jinyar Taɓin Hankali da Shaye-shaye a Cikin Al'umma

Wannan tsari ne na yi wa majinyaci magani yana cikin jama'a, maimakon a killace shi. A Najeriya, Dakta Thomas Adeoye Lambo ne ya assasa shi a ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, a 1954. Majinyata kan sauka a gidajen mutanen ƙauyen tare da wani ɗan'uwansu, da rana su je asibiti.

Yanzu tsarin ya shafi masu shan ƙwaya, waɗanda wani bincike na 2018 ya ƙiyasta sun kai miliyan 14.3 a ƙasar. Da yake likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ƙwarai, ana horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon da wuri, su tura wanda abin ya yi wa tsanani zuwa manyan asibitoci irin na Kware da Barnawa.