Jirgin Abuja da Mutanen Mararaba

A watan Yulin 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da jirgin ƙasa na cikin birnin Abuja. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa layin mai tsawon kusan kilomita 45 da tashoshi 12, bankin Exim na Sin kuma ya ba da rancen dala miliyan 500. Reshe ɗaya ya tashi daga tsakiyar gari ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama, ɗayan ya nufi Kubwa. Bai cika shekara biyu ba annobar korona ta tsayar da shi, bai kuma sake motsi ba sai a watan Mayun 2024, bayan an gyara abin da ya lalace an kuma yi titunan da za su kai mutum wasu tashoshin. Wato tun farko an gina tasha kafin a yi hanyar zuwa gare ta.

Amma babbar matsalar ba nan take ba. Abuja gari ne da mafi yawan masu yi masa aiki ba sa iya kwana a cikinsa. Kuɗin haya a Maitama da Asokoro da Wuse ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, balle birkila ko mai gadi ko mai shayi. Sai suka tare a Nyanya da Karu, suka tsallaka Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, wasu kuma Suleja da Madalla a jihar Neja. Duk wanda ya taɓa bin titin Keffi da sassafe ya san yadda motoci ke cunkushewa tun bayan sallar asuba, mutum ya biya kuɗin mota biyu ko uku kafin ya isa ofis, da yamma kuma a sake wani sabon lale. Wannan ɓangare ne ya fi ko'ina buƙatar jirgi, shi ne kuma jirgin bai je ba. An fara da hanyar filin jirgin sama, wadda yawancin masu binta suna da motarsu, wasu har da direba.

Akwai kuma bambancin da ba a cika bayyana wa jama'a ba, tsakanin jari da bashi. Mai zuba jari yana shiga riba da asara tare da kai. A tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a Legas a 2023, kamfanin China Harbour yana da hannun jari, don haka idan jiragen kaya ba su zo ba, shi ma aljihunsa zai ji. Mai ba da rance kuwa, kamar bankin Exim a jirgin Abuja, babu ruwansa da ko taragon ya cika ko yana tafiya fayau. Ranar biya ta zo, sai a biya. Kuma da dala ake biya, alhali tikiti, in an sayar da shi, da naira ne. A 2018 dala ɗaya tana kusan naira 360; a 2024 ta haura 1,400. Nauyin bashin a naira ya ninka kusan sau huɗu ke nan, ciki har da shekarun da jirgin ya yi a ajiye. Daga baitulmalin tarayya ake cire wannan kuɗi, inda mai sayar da tumatir a Mararaba da manomin Gumel suke da haƙƙi daidai da na mazaunin Maitama.