Tsohuwar Bindigar Kaka: A Duba Kafin A Gyara

Daga Wakilinmu na Arewa, Garaku

Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Akwanga ya san Garaku, hedkwatar ƙaramar hukumar Kokona a Jihar Nasarawa. Gari ne na manoma da mafarauta, kuma a gidaje da dama har yau akwai tsohuwar bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, jingine a lungun ɗaki ta ci tsatsa. Sau da yawa magadanta suna Ikko ko Ibadan ko Fatakwal wajen neman abinci. In sun zo ganin gida sai wani ya ce a sayar, wani ya ce a kai maƙera. To, kafin a yi ko ɗaya, ga abin da ya kamata a sani.

Ƙasar Keffi ta san bindiga tun da daɗewa. A nan ne Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, ya tafi Kano wurin Sarki Alu, daga baya ya rasu a yaƙin Burmi tare da Sarkin Musulmi Attahiru a 1903. Saboda haka bindigar da ke ɗakinku tana iya zama shaida ce ta wancan zamani.

Yaya za a gane asalinta? A fara da wajen kunama. In akwai baki mai riƙe ƙanƙara, wadda ke bugun ƙarfe ta ba da wuta kamar ƙyastu, to samfurin farko ce. In kuwa ɗan kan tagulla ake ɗorawa a buga, wannan dabara sai wajen 1820 ta fito a Turai. Amma ƙanƙara kaɗai ba ta nuna tsufa, domin yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta hana sayar wa ƙasashenmu bindigogin zamani, ta bar masu ƙanƙara, sai masana'antun Turai suka ci gaba da ƙera su domin kasuwar Afirka.

Daga nan a dubi gindin bututun. Bindigogin Turai suna da hatimin gwaji. Harufan ELG cikin zobe mai siffar ƙwai na Liyej ne a Beljiyam. Sanduna biyu a gicciye da kambi a sama na Bamingam ne a Ingila, inda aka buɗe gidan gwajin bindiga a 1813. Turawa na kiranta bindigar Denmak, don fataken ƙasar sun yi cinikinta a gaɓar Ankara, amma akasari daga waɗancan garuruwa biyu take. In babu hatimi, kuma bututun ya yi kama da famfon ruwa ko sandar sitiyarin mota, aikin maƙeranmu ne na baya-bayan nan.

Yanzu ga babban gargaɗi. Maharba kan ajiye bindiga a ɗure, albarushi kuwa in bai jiƙe ba yana tashi ko bayan shekaru masu yawa. A juya bakinta inda babu kowa, a zura sandar ɗuri a hankali, a yi alama, a fitar a gwada ta a bayan bututun. In ba ta kai gindi ba, akwai abu a ciki. A zuba ruwa ya jiƙa shi, a kai wa wanda ya san aikin. Kada a kusantar da ita ga wutar maƙera kafin a tabbata wofi ce.

Wajen gyara kuwa, sannu ba ta hana zuwa. A jiƙa tsatsar da kananzir kwana biyu ko uku, a goge da tsumma, a shafa man keken ɗinki. Kada a kankare da magagari ko a shafa fenti, don hatimin zai tafi, darajar ta bi shi. Katakon da ya tsage a manne shi, kada a sake sabo. Layu da fatar da kaka ya ɗaura a bar su, tarihi ne su ma. Kada kuma a harba ta don gwaji, balle a ɗura mata albarushin harsashin zamani, domin tsohon bututu fashewa yake yi a hannun mai shi.

Sai batun hukuma. Dokar bindigogi ta 1959 ta haɗa har da bindigar toka, don haka a tambayi ofishin 'yan sanda game da lasin, kada a sa ta a mota zuwa kudu. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. Wanda ba ya iya riƙo, ya shawarci gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ko Gidan Makama a Kano.

'Yan'uwa mazauna kudu, in kun zo hutun Salla ku zauna da dattawa, ku rubuta sunan mai bindigar da inda ya samo ta tun masu sanin suna raye. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.