Jarrabawa Uku, Gurbi Ɗaya: Yadda Jami'o'i Ke Auna Makin Ɗalibai

Duk shekara, da zarar an fara fitar da sakamakon jarrabawa, shagunan kwamfuta na unguwar Fadaman Mada da ke birnin Bauchi sukan cika da samari da 'yan mata riƙe da takardu. Wani ya ci JAMB amma ya faɗi Turanci a WAEC. Wata kuma takardunta na sakandare sun cika, sai dai makinta na JAMB na bara ne. Tambayarsu ɗaya ce, watau idan ɗalibi ya zo da sakamako fiye da ɗaya, wanne ake ɗauka, wanne ake bari?

Amsar ita ce, jarrabawa iri uku ɗalibi yake ƙetarewa kafin ya shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Bauchi, ko wata babbar makaranta a ƙasar nan, kuma kowace da irin ma'aunin da ake auna ta. Rashin sanin wannan bambanci ya sa iyaye da yawa suna kashe kuɗi inda bai kamata ba, yara kuma suna asarar shekara guda a gida.

Ta farko ita ce jarrabawar kammala sakandare. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ita kaɗai aka sani a dā. Daga baya aka sami NABTEB a 1992 domin makarantun sana'a, sa'an nan NECO a 1999, mai hedkwata a Minna. Akwai kuma NBAIS ta makarantun Arabiyya. Abin da ake nema shi ne kiredit biyar, watau daga A1 zuwa C6, a darussan da suka dace da fannin da ɗalibi yake so, har da Turanci. Lissafi ma dole ne ga fannonin kimiyya da fasaha, ko da yake a 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar ɗauke wannan sharaɗi ga masu neman fannonin adabi.

A nan ne ake da sassauci. Yawancin makarantu sun yarda a haɗa sakamakon zama biyu. Alal misali, wanda ya sami kiredit huɗu a WAEC ya faɗi Turanci, yana iya gyara Turancin a NECO, a haɗa takardun biyu su zama biyar. Kazalika wannan sakamako ba ya lalacewa, ko bayan shekara goma yana nan da amfaninsa. Amma ba a haɗa zama uku, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓar zama biyu ga masu neman aikin likita. Saboda haka wanda yake burin zama likita, ya faɗi darasi ɗaya, gyaran darasin kaɗai ba lalle ne ya wadatar da shi ba.

Ta biyu ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci da wasu uku, jimlar maki 400, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Wannan ba ta da sassauci ko kaɗan. Sau ɗaya ake zaunawa a shekara, kuma sakamakon na shekarar nan ne kawai. Wanda ya sami 260 bara, bana ya sami 190, to 190 za a duba. A ƙasar Amurka ba haka abin yake ba, gama ɗalibi yana iya maimaita jarrabawar SAT, kuma jami'o'i da dama sukan tsinci maki mafi yawa na kowane sashe daga zama daban-daban su haɗa masa. A Nijeriya an sha kawo shawara a Majalisar Tarayya a tsawaita wa'adin sakamakon JAMB, amma ba ta zama doka ba.

Nauyin wannan zama ɗaya ya fito fili a 2025, lokacin da fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi daga cikin kimanin miliyan 1.9 suka sami ƙasa da maki 200. Daga bisani shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa.

Ta uku ita ce tantancewar da kowace jami'a take yi da kanta, wadda aka soma a 2005. Ministan Ilmi na wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, ɗan Jihar Bauchi, ya soke ta a 2016, amma aka maido da ita a 2017. Wasu jami'o'i suna shirya sabuwar jarrabawa, wasu kuwa takardu kawai suke dubawa.

Daga nan sai a haɗa lissafi, kuma kowace jami'a da nata tsari. A tsarin da aka san Jami'ar Legas da shi, JAMB tana da kashi 50 cikin ɗari, tantancewar jami'a kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20. A ɗauki misalin ɗalibai biyu. Na farko ya sami 280 a JAMB, wanda ya ba shi 35, ya sami 15 a tantancewa da 12 a sakandare, jimla 62. Na biyu ya sami 240, watau 30, amma ya sami 24 da 16, jimla 70. Na biyun ne zai shiga gaba, duk da cewa na farko ya fi shi da maki 40 a JAMB. Ke nan a irin wannan tsari, C6 da B3 ba ɗaya ba ne, ko da yake dukansu kiredit ne.

Bugu da ƙari, jami'o'in tarayya ba maki kaɗai suke bi ba. Kashi 45 na gurabe na waɗanda suka fi ƙwazo ne daga ko'ina, kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, kuma Bauchi tana cikinsu. Don haka makin da ba zai kai ɗan Bauchi wata jami'a mai nisa ba, yana iya samar masa gurbi a gida. Tun 2017 kuma duk ɗaukar ɗalibai sai ta bi ta na'urar JAMB da ake kira CAPS, wadda ba ta ganin ɗalibin da bai shigar da sakamakonsa na sakandare ba, kome yawan makinsa.

Abin da ya kamata iyaye su lura da shi shi ne jerin aikin. A fara cika kiredit biyar, domin su ne ba sa tsufa. A karanta ƙa'idar makarantar da ake so tun kafin a sayi fom, a san ko tana karɓar zama biyu a fannin, da kuma yadda take raba maki. Sa'an nan a fuskanci JAMB a shekarar da sauran takardu suka kammala, domin babban maki ba tare da kiredit ba, shekara na juyowa ya tashi a banza.