Ciwo Da Ƙaiƙayi, Kishiyoyi Biyu A Jiki Ɗaya

Idan aka ambaci kulorokwin a gaban dattawan unguwar Yara da ke cikin garin Keffi, ba ɗacinsa kaɗai su kan tuna ba. Su kan tuna yadda mai zazzaɓin cizon sauro kan sha shi da rana, ya kwana yana susa, har zuwa 2005 da Nijeriya ta daina dogara da shi. Yau kuwa ƙaiƙayin ya dawo ta wata ƙofa, watau ta hannun taramol da kodin, waɗanda ke cikin dangin ofiyom.

A cikin 1973 ne masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gano cewa jijiyoyin jiki suna da wasu 'yan kafofi da ke karɓar irin waɗannan magunguna, kamar yadda kwaɗo ke karɓar mabuɗinsa. Akwai su a ƙwaƙwalwa, da laka, har da jijiyoyin fata masu kai saƙon zafi. Kafar da ake kira "miyu" ita ce ke kashe raɗaɗi, amma sau da yawa sai ta tayar da ƙaiƙayi. Wadda ake kira "kafa" kuwa kwantar da ƙaiƙayi ta ke yi.

Dalili kuwa shi ne, ciwo da ƙaiƙayi kishiyoyi ne, in ɗaya na magana sai ɗayan ya yi shiru. Shi ya sa susa ke da daɗi, domin ɗan zafin farce shi ke danne ƙaiƙayin. Idan magani ya rufe bakin ciwo, sai ƙaiƙayi ya sami fili. Likitoci a Nijeriya ma sun gwada naltrexone, maganin da ke toshe waɗannan kafofi, suka ga yana rage ƙaiƙayin kulorokwin.

Wannan ilmi ya yi rana. A 2021 Amurka ta amince da difelikefalin, wanda ke aiki a jijiyoyin fata, don masu wankin ƙoda da ƙaiƙayi ya addaba.

Saura iyaye. Ko da ya ke Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, saurayin da ke yawan sosa hanci da wuya, yana gyangyaɗi da tsakar rana, ba sabulun ƙazuwa ya ke bukata ba. Likita ya kamata ya gani, tun ran gini tun ran zane.