Cabernet Sauvignon: Inabi ne ko giya?

Kwalbar ruwan inabin da ake rabawa a wurin walima da kwalbar jar giyar inabi kusan kamarsu ɗaya, kuma sau da yawa rubutun da ke jikinsu ne kaɗai ke raba su.

Ɗaya daga cikin sunayen da aka fi gani a jikin wannan giya shi ne Cabernet Sauvignon.

Sanin ma'anar sunan na da muhimmanci ga mazauna Sabon Birni da Isa. Shari'ar Musulunci da jihar Sakkwato ta ƙaddamar a shekara ta 2000 ta haramta wa Musulmi shan giya, alhali zumunci da fatauci sun daɗe da haɗa Gobirawan yankin da Tsibiri da Maraɗi a Nijar. A can dokar ƙasa ba ta hana sayar da giya ba, kuma galibin rubutun jikin kaya da Faransanci yake.

Asalin inabin

Cabernet Sauvignon dai sunan wani nau'in inabi ne da ya samo asali daga kudu maso yammacin Faransa, kuma ya yi suna a yankin Bordeaux.

A shekarar 1997 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka wallafa sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ya nuna cewa an samu inabin ne daga barbarar wasu nau'o'i biyu, wato Cabernet Franc da Sauvignon Blanc.

Wani rahoto da hukumar kula da inabi ta duniya, OIV, ta fitar a 2017 ya ce ana noma shi a kan hekta kusan 341,000, abin da ya sa ya zarce duk wani inabin da ake yin giya da shi.

Ba irin inabin da ake saye a ci ba ne. 'Ya'yansa ƙanana ne, fatarsa na da kauri, kuma cike yake da ƙwara.

Yadda yake zama giya

Ana matse inabin a bar ruwan tare da fatar, sai yis ya cinye sukarin da ke ciki ya mayar da shi sinadarin da ke sa maye.

Daga fatar ne ake samun jan launi da kuma sinadarin tanin mai sa bauri a baki. Irin wannan sinadari ne ke cikin goro da ganyen shayi, da kuma bagaruwar da majeman Sakkwato ke jeme fatar jar akuya da ita.

Yawan baurin da ƙarfin abin mayen su ne dalilin da ya sa ake lissafa ta cikin giya masu nauyi. Abin mayen kan kai kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari, kusan ninki uku na giyar kwalba da aka saba gani.

An daɗe ana yaɗa cewa jar giyar inabi na kare zuciya. Sai dai a watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a sha a ce bai cutar da lafiya ba, tana mai danganta ta da cutar daji iri-iri.

Abin da mai saye zai duba

Abubuwan sha na inabi sun kasu gida uku.

Na farko shi ne ruwan inabin da ba a bari ya tsima ba, wanda a kan rubuta "grape juice" ko "jus de raisin" a jikinsa.

Na biyu ita ce giya, wadda ke ɗauke da kalmar "wine" ko "vin rouge", tare da adadi kamar 13.5% a gaba ko bayan kwalbar.

Na uku kuwa shi ne wanda aka fara yin sa a matsayin giya, daga baya aka cire abin mayen. A kan rubuta "dealcoholised" ko "désalcoolisé", kuma a ƙasashe da dama ana yarda a bar abin da bai wuce 0.5% ba a ciki.

Wannan kashi na uku ne ya fi rikitarwa, domin shi ma ana iya samun sunan Cabernet Sauvignon a jikinsa. A 2011 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta ce haramun ne shan duk abin da aka sarrafa ta hanyar yin giya, ko da an cire abin mayen daga baya.

Don haka kalmar "sans alcool" ko "non-alcoholic" ba ta bayyana yadda aka yi abin shan. Sai mai saye ya juya kwalbar ya karanta jerin kayan haɗin, ya nemi adadin abin maye da kuma tambarin halal, kafin ya kai ta gaban baƙi.