Jan Farce da Daƙwalewar Farata

A da, idan biki ko salla ta ƙarato a Achilafiya da sauran garuruwan ƙasar Kazaure, lalle mata kan kwaɓa su yi ƙunshi, su zura hannu a zunguru. Yanzu kuwa jan farce na kwalba ya zama abin yayi. To, amma sau da yawa idan yarinya ta goge shi sai ta tarar faratanta sun koma ruwan ɗorawa. Me ke kawo haka?

Shi farce, ko da yake yana da tauri, yana shan ruwa da rini. Shi ya sa lalle ke kama shi, ba ya wankuwa sai farcen ya tsiro an yanke. Jan farce kuwa fenti ne, dangin fentin mota, wanda kamfanoni irin su Revlon, da aka kafa a Amurka a 1932, suka yaɗa a duniya. Idan ya daɗe a hannu, musamman ja wur ko baƙi, sai rininsa ya ratsa cikin farcen ya bar tabo.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin a shafa mai launi, a fara shimfiɗa farin nan marar launi, shi zai tare rinin. Kada a bar shi ya wuce mako guda, kuma a riƙa ba farata hutu. A goge da ruwan gogewa da auduga, ban da kankarewa da reza, don tana cinye bayan farce. Ruwan gogewar yana busar da farce, saboda haka a bi shi da man kaɗanya.

Idan tabon ya riga ya kama, ruwan lemon tsami yakan rage shi, amma babban maganinsa haƙuri. Farcen hannu yana tsiro kamar milimita 3 a wata, cikin wata 6 sabo ya maye gurbin tsoho.

Sai dai a lura, in farce ya yi kauri, yana marmashewa ko yana ɗagowa daga nama, wannan ba aikin rini ba ne, cuta ce. Kada a rufe ta da wani fentin, a tafi asibiti.

A ƙarshe, ’yan’uwa ɗalibai, mu tuna malamai sun ce jan farce yana hana ruwan alwala taɓa farce, lalle kuwa ba ya hanawa. Ado da kyau, amma tsabta da lafiya su ne gaba.