Sake Zubin Fim: Misalin Superman

Wannan 'yar maƙala za ta duba abin da masu shirya fim a Amurka ke yi idan suka sake zubi, wato su jingine labarin da aka riga aka shimfiɗa, su faro shi daga tushe da sababbin 'yan wasa. Dalili kuwa shi ne, ɗan wasa yakan tsufa, amma gwarzon da yake kwaikwayo dukiyar kamfani ne, ba ya furfura.

Alal misali, Henry Cavill ya soma fitowa a matsayin Superman a 2013. A watan Oktoba na 2022 ya shelanta zai dawo, amma a Disamba sai sababbin shugabannin DC Studios, James Gunn da Peter Safran, suka shaida masa ba da shi za a yi ba. Shi kam ya karɓi hukuncin cikin dattako, har da yi musu fatan alheri. 'Yan kallo ne suka harzuƙa, wasunsu ma na neman a sallami Gunn. A ganina suna da hanzari, domin wata biyu kacal tsakanin albishir da janye shi, bayan shekara tara ana sabo da fuska guda. David Corenswet ne ya gaje shi a 2025.